Naƙasasshe a Gidan Dangi: Zama da Iyali Yana Hana Samun Tallafin Gwamnati?



A zagayen da muke yi na ikilisiyoyin ƙauyuka a yankunan Sumaila, Tudun Wada, Doguwa da Rogo, har zuwa wurin 'yan'uwanmu da suka sauka a Rijiyar Lemo da Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge, akwai tambaya guda da ba ta barinmu. Kwanakin baya bayan an tashi daga taron Zumuntar Mata a Rijiyar Lemo, wata uwa ta ja mu gefe ta ce, "Malam, ƙanwar maigidana gurguwa ce, shan inna ya kama ta tun tana ƙarama. Da iyayensu suka rasu, sai muka ɗauko ta daga ƙauye. Yanzu mutane suna cewa mun cuce ta, wai da mun bar ta ita kaɗai da gwamnati ta sa ta cikin masu karɓar kuɗi. Mu mayar da ita ne?"

Mun ce mata, "Mama, kada ku mayar da ita." Amma maganar da mutane suka yi ba duka ce ƙarya ba. Inda naƙasasshe yake zaune, da wanda yake ci tare da su, yana iya shafar wasu irin tallafi, wasu kuwa ba ya taɓa su ko kaɗan. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wannan magana dalla-dalla, domin kada wani iyali ya yanke shawara mai nauyi a kan jita-jita.

Akwai albashin naƙasassu a Nijeriya?

Mu fara da wannan, domin a nan ruɗanin yake farawa. Gwamnatin Tarayya ba ta da wani kuɗi na wata-wata da take biyan kowane mutum saboda naƙasarsa kawai.

A ranar 23 ga Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ake kira dokar 2018. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin aiwatar da ita. Dokar ta ba da abubuwa masu muhimmanci:

1. Karatu kyauta ga naƙasasshe har zuwa sakandare.
2. Kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati.
3. A fara sallamar naƙasasshe idan ana layi.
4. Shekara 5 aka ba da domin a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko mai sanda zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairu 2024.
5. Wanda ya nuna wa naƙasasshe bambanci, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Kamfani kuwa naira miliyan 1.
6. An hana yin amfani da naƙasasshe wajen bara.

Mu lura, waɗannan haƙƙoƙi na mutumin ne shi kansa. Ko yana zaune da uwarsa, ko a gidan wansa, ko shi kaɗai, ba abin da ya ragu. Sai dai babu albashin wata a cikinsu. Jihar Kano ma tana da tata dokar naƙasassu.

Inda aka fi sanin biyan naƙasasshe kuɗi a hannunsa a wannan yanki shi ne Jigawa. A 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, jihar ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata domin su bar bara, aka kuma ƙayyade adadin waɗanda za su samu a kowace daga ƙananan hukumominta 27. Labarin wannan kuɗi ya bazu ƙwarai, shi ya sa har yau wasu a Kano suke zaton akwai irinsa a ko'ina. Shiri ne na jihar Jigawa domin mutanenta, ba na Tarayya ba.

Tallafin da ake biyan gida, ba mutum ba

Kuɗin da yawancinmu muka ji labari, ko muka gani a ƙauyukanmu, na gidajen matalauta ne. Ga yadda suka biyo juna.

A 2007 hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP ta fara shirin COPE a wasu jihohi. Ana biyan gida daga naira 1,500 zuwa naira 5,000 a wata, gwargwadon yawan yara, na tsawon shekara ɗaya, bisa sharaɗin yara su je makaranta. Cikin gidajen da aka nufa har da waɗanda naƙasasshe ne shugabansu. Wato tun a lokacin, abin da ake dubawa shi ne gida da wanda yake riƙe da shi.

A 2016 aka fara babban shirin tallafin kuɗi na ƙasa da taimakon Bankin Duniya. A lokacin, kowane gida da aka zaɓa yana samun naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da naira 10,000. An yi amfani da dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su wajen biyan wannan tallafi.

A 2023, bayan cire tallafin man fetur, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku, jimla naira 75,000, ga gidaje miliyan 15. An dakatar da shi a Janairu 2024 saboda bincike, daga baya aka ci gaba, amma da sharaɗin a tantance mai karɓa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, a kuma biya ta asusun banki ko na waya.

Shirin 2016 da na 2023 duka daga rijista ɗaya suke ɗiban sunaye, wato Rijistar Matalauta ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO yake riƙe da ita a Abuja, kowace jiha kuma tana da ofishinta. Abin da ake rubutawa a rijistar nan gida ne da mutanen cikinsa. Kuɗin kuma daidai yake ga kowane gida, ko mutum uku ne ko goma sha uku, ko akwai naƙasasshe ko babu.

Mene ne "gida" a wurin ma'aikatan rijista?

A nan ne zancen zama da dangi ya shigo. Mu idan muka ce gida, muna nufin duk abin da ke bayan zaure: tsoho da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki. Ma'aikatan ƙidaya ba haka suke lissafi ba. A wurinsu gida shi ne mutanen da suke zaune tare, suna ci daga tukunya ɗaya, suna kuma da mutum guda da suka ɗauka shugaba.

Saboda haka zaure ɗaya yana iya ɗaukar gidaje uku ko huɗu. Idan gandu ya rabu, kowane ɗa yana da rumbunsa, matarsa tana ɗora tukunyarta, to gidaje daban-daban ne. Haka kuma a gidajen haya na Sabon Gari da Rijiyar Lemo, inda iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, kowane ɗaki mai tukunyarsa gida ne. Amma idan tukunya ɗaya ce ke ciyar da kowa, gida ɗaya ne, ko da ɗakuna goma ne.

Yadda ake zaɓen gidaje

Mataki na farko jama'a ce ke yin sa. Ma'aikata daga ƙaramar hukuma sukan zo gari, su tara mutane kashi-kashi, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane kashi zai faɗi alamun talauci a garinsu, sa'an nan ya lissafa gidajen da suka fi shiga wannan hali. A ƙarshe a haɗa sunayen a karanta a gaban kowa.

Mataki na biyu, masu ɗaukar bayani za su bi waɗannan gidaje da tambayoyi: mutum nawa ne, shekarunsu, karatunsu, sana'arsu, irin rufin ɗaki da daɓensa, inda ake samun ruwa, irin banɗaki, kayan da aka mallaka, da ko akwai mai naƙasa ko mai doguwar jinya.

Mataki na uku, ana sa amsoshin cikin kwamfuta ta jera gidajen daga mafi talauci zuwa mai dama-dama. Idan kuɗi ya zo, daga ƙasa ake fara ɗiba. Shiga rijista ba alkawarin samun kuɗi ba ne, amma wanda ba ya ciki ba ya cikin layi ma.

To, mu ɗauki misali uku mu ga yadda abin yake faɗawa a kan naƙasasshe.

Na ɗaya, makaho magidanci a ƙauye, yana da mata da yara huɗu, ɗakinsu na jinka, ba su da dabba. Shi ne shugaban gidansa. Jama'a za su ambace shi, lissafi kuma zai sa shi can ƙasa. Yana da kyakkyawar dama.

Na biyu, gurguwar da muka fara da labarinta. Tana zaune a gidan wanta a Rijiyar Lemo, rufin kwano, daɓen siminti, akwai lantarki, wan yana da babur. Ita ba ta da ko sisi nata, amma za a auna ta da ma'aunin gidan wanta. Mai yiwuwa maƙwabta ba za su ma ambaci gidan ba. A nan zama da dangi ya rage mata dama, wannan gaskiya ne.

Na uku, tsohuwa kurma wadda take da ɗakinta a gidan ɗan mijinta, amma ita ke dafa nata abinci daga ɗan abin da take samu na sayar da daddawa. A ƙa'ida ita gida ce mai zaman kanta. Idan mai gidan ya amsa tambayoyi ya haɗa ta cikin iyalinsa don kunya, ya rufe mata ƙofar da take buɗe.

Abin da ma'aunin ba ya gani

Kwamfuta tana ganin kwano da siminti, amma ba ta ganin kuɗin da naƙasa take ci. Gida biyu suna iya samun kuɗin shiga iri ɗaya, amma wanda yake da naƙasasshe yana biyan abin da ɗayan bai sani ba: keken guragu da gyaransa, sanda, takalmin ƙarfe, magani, kuɗin Adaidaita Sahu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Ido na ECWA, kuma sau da yawa kuɗin mutum biyu ne domin sai da ɗan rakiya. Ga kuma matar gida ko yarinya da ta bar kasuwa ko makaranta domin jinya. Wannan asara ce ta gaske ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Ba kuma mutane kaɗan wannan ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da naƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 7 cikin 100 na 'yan Nijeriya daga shekara 5 zuwa sama suna da wata wahala wajen gani, ji, tafiya, magana, tunani ko kula da kai.

Duk da haka mu auna da hankali. Naira 75,000 da aka raba sau uku ta ɗan wuce mafi ƙarancin albashin wata ɗaya ne kawai, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Ba za ta biya haya, abinci, ɗibar ruwa, da wanda zai ɗaga mutum cikin dare idan ciwo ya tashi ba. Babu kuma tabbacin cewa wanda aka ware shi kaɗai zai samu. A raba mace da masu kula da ita saboda kuɗin da ba a riƙe a hannu ba, wannan sakin reshe ne a kama ganye.

Kuɗin da zama da dangi bai shafe su ba

Akwai kuɗin da mutum ya samu ta wurin aikinsa, kuma ba ruwansu da inda yake kwana.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF. Ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa aiki ko dawowa, yana da haƙƙin diyya. Idan naƙasar ta hana shi aiki gaba ɗaya har abada, dokar ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Samarinmu da suke aiki a masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ya kamata su san wannan. Idan inji ya cinye hannun yaro, kada a ɗauke shi zuwa ƙauye a yi shiru. A kai rahoto ga wurin aikin nan da nan a rubuce, a riƙe takardun asibiti, domin akwai wa'adin neman diyya.

Haka kuma dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikacin da likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya fara cin kuɗin fanshonsa ko bai kai shekara 50 ba. Komawa gidan iyaye ba ya rage masa ko kwabo.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka akwai tallafin SSI na naƙasassu matalauta tun 1974. Idan mutum yana zaune a gidan wani, ba ya biyan rabonsa na kuɗin gida, kuma su ne suke ciyar da shi, ana rage masa kashi ɗaya cikin uku. Amma kuɗin naƙasa da ya samu ta wurin aikin da ya yi a baya ba a taɓa shi. A Afirka ta Kudu, idan babba ya nemi tallafin naƙasa, kuɗinsa da na matarsa ko mijinta ake dubawa, ba na iyaye ko 'yan'uwa ba, saboda haka zama a gidan wa ba ya hana shi. A Kenya kuwa gida ake biya, idan gidan matalauci ne kuma yana da mai naƙasa mai tsanani da ke bukatar kulawa dare da rana. Tsarin Afirka ta Kudu ya nuna mana ana iya taimakon naƙasasshe ba tare da an hukunta dangin da suka riƙe shi ba. Wannan abu ne da za mu iya roƙon wakilanmu a majalisa su duba.

Idan kuɗin ya zo, wa zai riƙe?

A shirin 2016 gida ne yake fitar da mai karɓa, yawanci mace mai kula da iyali, tare da mataimaki. A shirin 2023 kuɗin yana shiga asusun mutum guda mai NIN. A nan muka fi ganin hawaye. Mun tarar da gidajen da jama'a suka ambata saboda naƙasasshen da ke ciki, amma da kuɗi ya zo bai ji ko ƙamshinsa ba. Mun kuma ga inda wani ɗan'uwa ya riƙe katin cire kuɗi da lambar sirri, mai asusun bai san ranar da aka biya ba.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan sunan ɗan'uwanmu ne ya jawo kuɗin, bukatarsa ce ta farko. Naƙasasshen da ya girma kuma yana cikin hankalinsa, a zauna da shi a yi shawara, ba a yanke masa ba. Idan zai iya riƙe asusu da waya, babu abin da ya hana ya zama shi ne mai karɓa.

Abin da za mu yi

1. Kowane naƙasasshe, babba da yaro, ya samu NIN. Yin rijistar farko kyauta ne. Matasan ikilisiya su taimaka da kai waɗanda ba sa iya tafiya.
2. Babba ya buɗe asusu da sunansa, da layin waya da aka haɗa da NIN ɗinsa. Sunan da ke banki ya yi daidai da na NIN, harafi da harafi.
3. A nemi takardar likita daga asibitin gwamnati mai bayyana irin naƙasar. Dokar 2018 ta tanadi takardar shaidar naƙasa, kuma da bayanin likita ake farawa.
4. Dattawa su riƙa tuntuɓar mai unguwa, dagaci da kansila, domin a san ranar da masu rijista za su zo. Unguwannin da ke nesa da gari sukan rasa saboda ba su ji ba. Mata da matasa su halarci nasu zaman, su yi magana.
5. Kada a ɓoye naƙasasshe a ɗaki ranar da aka zo ɗaukar bayani. Wanda ba a rubuta ba, kamar babu shi ne a wurin gwamnati.
6. A faɗi gaskiya game da tukunya. Idan daban ce, a ce daban ce. Idan ɗaya ce, kada a raba ta da baki don kuɗi. Ƙarya tana iya sa a cire gidan, ta kuma ɓata sunan jama'armu.
7. Mai zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni, iyali su tsayar da wuri ɗaya da za a rubuta shi. Mutane da yawa sun faɗa tsakani: na ƙauye sun ce yana Kano, na Kano sun ce baƙo ne.
8. Shiga rijista kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, ko ya turo saƙo ta waya yana neman BVN ko lambar sirri, ɗan damfara ne.
9. Wanda yake ganin an tsallake shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai jami'in karɓar koke a ƙaramar hukuma. A rubuta koken, a ajiye kwafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, na maza da na matasa su karanta wannan a taronsu, su tattauna:

- Naƙasassu nawa ne a unguwarmu, kuma nawa ne cikinsu suke da NIN?
- Wane ne yake kula da kowannensu, kuma yaushe rabon da mai kulawar ya huta?
- Akwai yaro naƙasasshe da ba ya zuwa makaranta? Me ya hana?
- Idan tallafin gwamnati bai zo ba, me za mu iya yi da kanmu, ta adashe, gonar haɗin kai ko koyar da sana'a?

Uwar nan ta Rijiyar Lemo ba ta mayar da ƙanwar mijinta ba. An yi mata NIN, an buɗe mata asusu da sunanta, matan zumunta kuma sun haɗa kuɗi sun saya mata zare da allurar saƙa, tana yin hulunan jarirai ana kai mata Kasuwar Sabon Gari. Har yanzu ba ta samu kuɗin gwamnati ba, amma takardunta a shirye suke duk ranar da aka zo.

Idan akwai mai irin wannan tambaya a ikilisiyarku, ku ba fasto ko sakatare ya rubuta, za mu karɓa a zagayenmu na gaba. Allah ya ba mu ikon riƙon juna.